Birkin da ya riƙe mu a hanyar Cadakori

Shekarun baya, lokacin ina da 'yar rumfar gyaran wutar mota a bakin tashar Gazawa, na yi wata tafiya da har yau in na tuna ta sai in ji gajiya ta sauko mini a kafaɗu. Tafiyar rabin yini ce, amma ta ci mana yini guda cur.

Mahaifina a lokacin ya yi wata huɗu a kwance. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta yi masa nauyi, sai kalma ɗaya ko biyu yake iya fitarwa, su ma sai wanda ya saba da shi ke ganewa. Asalinsa ba mutumin Gazawa ba ne. A wani ƙauye gaba da Cadakori aka haife shi, fatauci ne ya kawo shi gabas tun yana saurayi. Can ƙauyen akwai wansa, wanda ya riƙe shi bayan rasuwar ubansu, ya yi masa aure, ya ba shi jarin farko. Wata Laraba aka bugo waya daga can, aka ce tsohon ya daina cin abinci, kuma ba ya da magana sai ta ƙanensa.

Da mahaifiyata ta faɗa wa mahaifina, sai ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya nuna yamma. Ya yi ta nunawa har hannun ya gaji ya faɗi.

To, ta yaya za a kai shi? Ba ya iya zama. Motar haya kuwa kun san yadda ake cusa mutane a cikinta. Bayan a-kori-kura kuma, a tsakiyar bazara, ko mai lafiya aka shimfiɗe a nan sai ya isa a gashe.

Sai na tuna da abokina. Ya daɗe yana tuƙi a wata ƙungiyar Turawa, da suka tattara za su tafi aka yi gwanjon kayansu, ya sayi tsohuwar a-kori-kurar da yake ja, aka haɗa masa da wani ɗaki mai taya da ake ɗaurawa a bayanta. Rimok muke ce masa. A ciki akwai gado, da 'yar taga, da wurin ajiye kaya. Shekara biyu yana jibge a gidansa, kaji na ƙwai a ƙarƙashi. Da na je masa da maganar, ko zama bai bari na yi ba.

"Ai Baba ne. Ni zan tuƙa. Amma ka duba wutar rimok ɗin, ka san birkinta ba irin namu ba ne."

Gaskiya ya faɗa. Birkin wannan rimok da wuta yake aiki. In direba ya taka birki a gaba, wani ɗan akwati da ke ƙarƙashin sitiyari sai ya tura wuta ta waya zuwa tayoyin baya, maganaɗisun da ke cikin kowace taya ya kama, tayar ta tsaya. Ban taɓa gyara irinsa ba, amma da yake a tasha ana ce mini gwani, ban ga dalilin da zai sa in faɗi haka ba.

Ranar Alhamis na wuni a kanta. Na goge soket ɗin da ke haɗa ta da mota, na canza ƙwan fitila biyu, muka gwada birki a fili ya kama lafiya. Daga nan na shiga ciki na zauna a kan gadon, cikin minti biyar rigata ta jiƙe. Na ce a raina tsoho ba zai iya wannan ba. Na koma rumfa na ɗauko wata fankar injin mota da na daɗe da ajiyewa, babba ce mai ƙarfi, na ɗaure ta a saitin gado, na jawo mata wuta daga batirin mota ta cikin soket ɗin, na sa mata makunni kusa da inda mahaifiyata za ta zauna. Saura waya ta biyu, wadda wuta ke komawa ta cikinta zuwa jikin ƙarfe, wadda muke kira mas. A ƙarƙashin gadon na ga wata waya da ta bi bango, launinta duk ya koɗe. Na ɗora mata ƙwan gwaji, ya kama. Na ce ga mas a kusa, me zai kai ni kwanciya ƙarƙashin rimok cikin kashin kaji? Na haɗa. Fanka ta tashi. Na tsaya a gabanta ina jin daɗin kaina.

Na ja wa mahaifiyata kunne a kan abu ɗaya: "Inna, in mota ta tsaya, ki kashe ta. In ba haka ba za ta shanye batir mu rasa tashi."

Juma'a da sassafe mu huɗu muka kama hanya. Ni da abokina a gaba, mahaifiyata da mahaifina a baya cikin rimok. Lissafinmu, ko a hankali muka tafi, za mu yi sallar Juma'a a Cadakori. Gari da sauran sanyin safiya, hanya shiru, muka wuce Agiye ba abin da ya faru. Har na fara ba abokina labarin yadda na haɗa fankar.

Rana ta ɗan ɗaga, mun bar Agiye a baya, sai muka ji kamar wani ƙato ya cafke motar ta ƙeya. Tayoyin rimok suka yi ƙara a kan kwalta, motar ta yi ta fizga, abokina ya samu ya gangara gefe. Na fita da gudu na buɗe ƙofar baya. Mahaifiyata na durƙushe ta tallafe kan mahaifina, butar ruwa ta kife, shi kuma idanunsa a buɗe yana kallon rufi.

"Lafiya lau muke," in ji ta. "Mi ya faru?"

Na ce ba komai, yanzu zan duba.

Na taɓa tayoyin, da zafi. Na ce wa abokina ya ɗan ja gaba, ya ja, suka juya sumul kamar ba su ne suka yi wannan ta'asa ba. Na ce ƙarfin akwatin gaba ne ya yi yawa, na rage shi. Muka tashi. Ba mu yi nisan da za a ce an yi tafiya ba, ta sake kamawa, kuma wannan karon na ga ƙafar abokina da idona, ko kusa da birki ba ta je ba.

Daga nan na shiga aikin da na san yi. Akwai wani ɗan ƙarfe a wuyan rimok wanda in ta tsinke daga mota yake zarewa ya kulle birki, na duba shi, yana nan daram. Na bi wayoyi daga gaba zuwa baya ina neman inda ɓera ya ci ko inda ƙarfe ya goge. Na kwanta a ƙasa, yashi na ƙona mini baya. Ban ga komai ba. Muka ɗaga taya da jak, abokina ya juya ta da hannu, ta juya. Ya taka birki, ta tsaya. Ya saki, ta saki. Komai daidai. Babu abin da ke ƙona ran mai gyara kamar abin da ke lafiya a gabansa, ya juya baya ya lalace.

Ina tattara kaya, mahaifiyata ta leƙo ta ƙofa. Ni ne ɗanta na fari, ba ta faɗin sunana.

"Kai, in gaya maka wani abu."

"Inna, ki zauna wurin Baba, na kusa gamawa."

Ta dube ni, ta koma ciki.

Karo na uku ta kama mu a daidai wani kwana, har bayan rimok ɗin ya ɗan goce. Wata motar haya da ke bayanmu ta sha da ƙyar, direban ya wuce yana zaginmu ta taga. Abokina ya kashe mota, ya kifa kai a kan sitiyari.

"Ka cire soket ɗin nan gaba ɗaya," in ji shi. "Mu tafi a hankali ba birkin baya. Amma ka sani, birkin motar nan ya tsufa, kuma abin nan yana da nauyi. A nan daji zan iya. Cikin Maradi, da babura da amalanke, ban ɗaukar maka alkawari ba."

Na cire. Tafiya ta miƙe, tayoyi ba su ƙara kamawa ba. Sai dai cire soket ya yanke duk wutar da ke zuwa baya, har da ta fanka, ga rana ta take tsaka. Ba mu jima ba muka ji ana dukan bangon rimok da ƙarfi. Muka tsaya. Da na buɗe ƙofa, zafin da ya bugi fuskata kamar na buɗe tanderu. Mahaifina ya jiƙe sharkaf, bakinsa a buɗe, numfashinsa na fita da wani irin sauti da ban taɓa ji ba. Mahaifiyata na yi masa fifita da murfin kwano.

Muka ja zuwa ƙarƙashin wani babban gawo kafin a kai Cadawa. Muka buɗe ƙofa da taga, muka jiƙa zane muka lulluɓa masa. Da numfashin ya ɗan daidaita, na zauna a ƙasa na yi tunani irin na gwanaye: in an cire soket lafiya, in an mayar ta kama, ashe ciwon yana cikin soket. Na kwance shi gaba ɗaya. Waya bakwai ne a ciki, na ciro su ɗaya bayan ɗaya, na kankare, na murɗe, na naɗe, na mayar. Wani ɗan ƙaramin noti ya faɗi cikin yashi, muka yi ta tankaɗe ƙasa da yatsu, ni da abokina, manyan mutane biyu, har muka same shi.

Daga wani ƙauye can nesa muka jiyo kiran sallar Juma'a. Muka yi azahar a nan gindin gawo.

Ina cikin mayar da soket, mahaifiyata ta sake leƙowa.

"Kai, wagga iska da ka sa..."

"Inna, na sani, yanzu zan mayar miki da ita. Ki ƙara haƙuri."

Ban ko ɗaga kai ba. Ina jin haushin kaina, ina jin kunyar abokina, ga waya a baki, ga gumi na shiga mini ido. A ganina tana ƙorafin zafi ne, ni kuma ba ni da abin da zan ba ta sai haƙuri.

Na gama, na mayar da soket. Na ce kafin mu tashi a sake gwadawa. Muka ɗaga taya, abokina ya tada mota ya bar ta tana aiki, ya dawo ya durƙusa yana juya tayar da hannu, ni kuma ina girgiza wayoyi ko zan ga inda za ta kama. Tana ta juyawa. Sai kawai na ji fanka ta tashi a ciki, a daidai wannan lokacin kuma tayar ta tsaya cak a hannun abokina, har ta buge masa yatsa.

Muka dubi juna.

Fanka ta mutu. Ya tura tayar, ta juya. Fanka ta sake tashi, tayar ta ƙame.

Na miƙe na zagaya ƙofa. Mahaifiyata na zaune, yatsanta a kan makunni, tana kallona.

"Ka gani?" in ji ta. "Tun da hantsi nike son in hwaɗa maka. Da sahe ban kunna ta ba, da sauran sanyi. Da zahi ya taso na kunna, sai munka tsaya. Na kashe, don ka ce in an tsaya in kashe. Munka tashi, na kunna, munka tsaya. Sau ukku. Ni ban yi karatun lakol ba, amma na iya ƙirga ukku."

Ba ta ɗaga murya ba. Da ta yi faɗa ma da ya fi mini sauƙi.

Na durƙusa na leƙa ƙarƙashin gadon, na tofa yawu a yatsa na goge wayar nan da na ɗauka mas ce. Ƙarƙashin dattin, shuɗiya ce. Shuɗiya kuwa ita ce wayar birki. Ƙwan gwajina ya kama a kanta ne domin ta bi ta cikin maganaɗisun tayoyi ta isa jikin ƙarfe, ni kuma ban tsaya na bi ta ba. Wato duk wutar da fankar nan ta sha, ta cikin birki take wucewa. Kuma a duk lokacin da na tsaya dubawa, fankar a kashe take, bisa umarnina. Ni na haɗa ciwon, ni na hana a gan shi, ni kuma na hana mai ganinsa magana.

Gyaran bai kai minti biyar ba. Na cire wayar, na naɗe inda na fere, na kwanta ƙarƙashin rimok na ɗaure ta a jikin ƙarfe, inda ya kamata in ɗaure ta tun jiya. Fanka ta tashi da ƙarfin da ya fi na da. Taya ta juya. Abokina ya sauke jak, ya jefa shi bayan mota, muka kama hanya. Sai da muka wuce Cadawa ya ce, "Allah ya sa mu isa." Na ce amin.

Tayoyin sun sha wuya, ɗaya ta cinye ta gefe guda tana ta bugawa, dole muka tafi kamar masu rakiyar amarya. Muka ratsa Maradi ana la'asar, muka wuce Tibiri, muka bar kwalta muka hau hanyar ƙasa. Rana ta yi ja lokacin da muka shiga ƙauyen.

Mutane sun taru a ƙofar gida, na ɗauka mun makara, amma da rai muka sami wan mahaifina. Muka ɗauko mahaifina mu huɗu a cikin bargo muka shimfiɗe shi kusa da wansa, kan tabarma ɗaya. Tsohon ya rame har ban gane shi ba. Idanunsa a rufe, ƙirjinsa na hawa da sauka a hankali. Mahaifina ya miƙa hannunsa na hagu ya lalubo na wansa ya riƙe. Ya yi ta ƙoƙarin kiran sunan da yake kiransa da shi, kalmar ta ƙi fita daidai. Tsohon bai buɗe ido ba. Wasu sun ce sun ga yatsunsa sun motsa. Ni ban gani ba.

Na fito tsakar gida in sha ruwa, sai babbar 'yar tsohon ta kawo mini a kwanon sha. Ba da wata manufa ta faɗa ba, labari kawai take ba ni.

"Da kun zo da wuri kaɗan da kun ishe shi yana magana. Tun sahe yake tambaya, sun iso? Sun iso? Ya ce akwai abin da zai hwaɗa ma ƙanenai. Har aka dawo daga masallaci yana tambaya. Daga nan ne bakin ya rufe."

Ta tambaye ni abin da ya tsayar da mu. Kafin in buɗe baki, mahaifiyata da ke zaune bakin ƙofar ɗaki ta ce, "Hanya ce. Kin san hanya." Aka bar maganar a nan.

Ranar Lahadi da hantsi tsohon ya cika, hannunsa cikin na ƙanensa. Ba wanda ya san abin da ya so faɗa. Wataƙila maganar gona ce, wataƙila gafara zai nema ko zai yi, wataƙila ba komai ba ne illa ya gan shi ya ce ka zo. Mahaifina ya rayu shekara ɗaya da 'yan watanni bayan haka, kuma ko da ido bai taɓa nuna mini ya riƙe ni da wani abu ba. Ban ma sani ba ko ya fahimci abin da ya faru a hanyar.

Na san abin da za ku ce, domin ni ma na faɗa wa kaina: komai da lokacinsa, abin da Allah bai nufa ba ba ya yiwuwa. Na yarda da wannan har zuciyata. Amma yarda da ƙaddara ba ta hana mutum sanin inda ya yi wauta. Kuskuren waya ba ya damuna sosai, duk mai aiki da hannu yana yin irinsa. Abin da ya tsaya mini shi ne sau biyu tsohuwar nan ta buɗe baki da amsar a harshenta, sau biyu na rufe mata shi, don na riga na yanke cewa abin da ke tsakanin waya da waya ba huruminta ba ne. Ni ina da ƙwan gwaji da filaya, ita kuwa tana zaune a cikin abin tun safe tana ganin yadda yake yi. Awa huɗu na yi ina tambayar ƙarfe, ban tambayi mutum ba.

Har yanzu ina wannan sana'a, kuma gashin kaina ya fara fari a cikinta. Ban zama wani mai haƙuri na a zo a gani ba, matata za ta ba da shaida. Sai dai in ina aiki wani ya ce "in gaya maka", ko wane ne, hannuna kan tsaya da kansa.

Mun yi shekaru ni da mahaifiyata ba mu taɓa tada maganar ranar ba. Sai bara, na je gaishe ta da yamma, na same ta tana ɓarar gyaɗa, na zauna ina taya ta. Ban san abin da ya kawo shi ba, na ji bakina ya ce, "Inna, ranar da muka kai Baba gida, da na saurare ki da sun yi magana."

Ta ci gaba da ɓara, har na ɗauka ba ta ji ba. Can ta ce, "Ni ba shi nike tunawa ba. Abin da nike tunawa, daga Tibiri har gida ubanka barci ya yi cikin iskar nan, har da minshari. Wata huɗu ban ga ya yi barci irin wannan ba."

Ko haka aka yi, ko ta faɗa ne don ta sauke mini kaya, ban sani ba. Ni ina gaba a lokacin, ita ce a ciki. Na ɗebi wata gyaɗar na ci gaba da ɓara.